Inuwar Giginya

Wanda yake son sanin ko an tsara harabar jami'a da kyau, ba sai ya nemi taswirar da ke rataye a ofishin sashen ayyuka ba. Ya fito da misalin ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, ya duba inda mai shayi ya kafa teburinsa, inda mai gyaran takalmi ya baje kayansa, inda mai POS ya ajiye kujera, da inda mai fotokwafi ya dasa kwantena. Waɗannan bayin Allah ba su karanta zanen gini ba, amma ba su da halin yin kuskure a kansa, domin wanda ya zauna a mugun wuri kwana uku, rana ta huɗu babu cefane a gidansa.

Kafin su zauna sai sun yi kwanaki suna nazarin wuri. Ina inuwa take da hantsi, ina take komawa bayan azahar? Ta ina iska ke ratsowa? Ta ina ƙafa ke bi idan an tashi daga lakca, ta ina kuma take bi idan an kira salla? Inda amsoshin suka haɗu, nan za ka same su. Kusan kullum gindin darbejiya ne, ko gefen wani tsohon gini mai baranda, ko wani lungu tsakanin gine-gine biyu da suka matsi juna. Da wuya ka gan su a gaban ginin da ya fi kowanne tsayi da ƙyalli, ko da masu gadi ba su kore su ba. Filin da ke gaban irin wannan gini yawanci shimfiɗar kankare ce, rana ta dake ta tun safe, ita kuma ta riƙa mayar da zafin a fuskar mai wucewa har bayan magariba. Mutane ratsa shi suke yi da sauri, littafi a ka.

Yawancin jami'o'inmu an kafa su ne a zamanin da ƙasa ke da arha, ana kuma ganin karatu ba ya son hayaniyar gari. Jami'ar Ahmadu Bello ta zauna a Samaru, bayan garin Zariya, tun kafuwarta a 1962. Ta Bayero da tsohon mazauninta ya yi mata kaɗan sai ta yi sabo a kan hanyar Gwarzo. Ta Usmanu Ɗanfodiyo ta fita can bayan Sakkwato, ta Abdou Moumouni kuwa tana tsallaken kogi a Yamai. An ba su fili har ya yi yawa, masu tsarawa kuma suka raba shi yadda aka saba a lokacin: kowace tsangaya da nata yanki, a zagaye shi da titi, a bar sarari gaba da baya saboda faɗaɗawar nan gaba. A takarda abin gwanin sha'awa. Sai dai wanda ya zana daga sama yake kallo, wanda ya sa hannu a mota yake zuwa, ɗalibi kuma a ƙasa yake tafiya.

Lissafin ba shi da wuya. Lafiyayyen mutum yana cin kamar mita 80 a minti ɗaya idan yana tafiya ba gudu ba. Idan akwai minti goma tsakanin lakca da lakca, iyakar abin da zai iya ci mita 800 ne, shi ma in bai tsaya gaisawa da kowa ba, abin da ba ya yiwuwa a wurinmu. Idan ɗakin kwana, ɗakin karatu, ɗakin lakca da masallaci sun watsu a tsawon kilomita biyu, tafiyar ta koma minti 25. Ɗalibin da ya fito da safe ba zai koma ɗaki ba sai dare, duk tazarar da mai tsarawa ya bari kuma sai ɗan acaɓa da mai adaidaita sahu su cike ta, daga aljihun uban yaro. Da dare wannan sararin da aka bari ya zama duhu da ciyawa, ɗalibai mata su haƙura da zuwa ɗakin karatu in ba a ayari ba. Ga bututun ruwa da wayar wuta da kwalta, kowace mita da aka ƙara sai an saye ta, an gyara ta, an kuma yi gadinta.

Saboda haka ba na ganin laifin shugaban jami'ar da ya fara mafarkin dogon bene. Gari ya riga ya cimma yawancin jami'o'in da aka kai daji, masu yanka filaye suna lasar bakin katanga, ɗalibai sun ninka adadin da aka yi ginin dominsu sau da yawa. Tara mutane wuri ɗaya dabara ce mai kyau. Abin tambaya shi ne ta wace hanya, kuma har zuwa wane tsayi.

Wasu sun riga mu gwadawa. Jami'ar Pittsburgh a Amurka ta aza harsashin dogon gininta a 1926, aka buɗe shi a hukumance a 1937, hawa 42, tsayi mita 163. Shugabanta na lokacin, John Bowman, gini yake so da duk ɗan garin zai hango, har aka bi yaran makaranta suna ba da kwabbansu don kowa ya sayi bulo ɗaya. Babban ginin Jami'ar Mosko da aka gama a 1953 ya kai mita 240, kuma shi ne mafi tsayi a Turai har zuwa 1990. A Tokyo, unguwar Shinjuku, akwai benen Mode Gakuen Cocoon da aka gama a 2008, hawa 50, mita 204, makarantun koyon sana'a uku a cikinsa da ɗalibai kusan 10,000. Na farko da na biyu alfahari ya gina su. Na uku rashin fili ne, domin a Shinjuku ko wurin ajiye keke kuɗi ne.

Abin lura yana cikinsu. A Pittsburgh yawancin azuzuwa suna hawayen ƙasa, sama kuma ofisoshi ne, kuma wurin da ɗalibai suka fi so a ginin duka shi ne babban zauren da ke ƙasa, inda ake zama a yi karatu a yi hira. A Tokyo masu zanen sun san ba wanda zai sauko hawa 30 don ya sha iska, sai suka riƙa barin falo mai tsayin hawa uku a tsakanin azuzuwa, daga ƙasa har sama. Wato duk wanda ya ɗaga makaranta sama sai ya koma ya ƙirƙiro mata wurin zaman da bishiya ke bayarwa kyauta, da kuɗi mai yawa.

Dalilin da ya sa azuzuwa ke gudun sama kuwa lifta ce. Ma'aikacin ofis sau ɗaya yake hawa da safe, ya sauko da yamma, kuma ba tare suke zuwa ba. Makaranta ba haka take ba. Duk awa ɗaya ko biyu sai jama'a sun tashi gaba ɗaya sun sauya wuri. Ɗauki lifta mai cin mutum 13, wadda ke zuwa ta dawo a minti biyu. Ɗalibai 500 da suka fito daga lakca ɗaya suna buƙatar sawu 39. Ko lifta huɗu ce ke aiki babu fashi, sai an yi kusan minti 20 kafin na ƙarshe ya sauka, ga wasu 500 a ƙasa suna jiran hawa. Matakala mai faɗi tana kwashe wannan taron cikin 'yan mintuna, ba ta shan wuta, ba a kuma jiran a kawo mata kayan gyara daga waje. Amma matakala abokiyar mutum ce zuwa hawa huɗu ko biyar. Daga nan ta zama horo, musamman ga malamin da ya manyanta da mai juna biyu da mai azumi.

Sai maganar wuta. A 2017 masu bincike a Kwalejin Jami'a ta Landan suka duba gine-ginen ofis fiye da 600 a Birtaniya, suka gano cewa masu hawa 20 zuwa sama suna shan lantarki a kowace murabba'in mita kusan ninki biyu da rabi na masu hawa shida zuwa ƙasa. Ba abin mamaki ba ne. Lifta tana ci, injin tura ruwa yana ci, domin kowace mita goma da ruwa zai hau tana buƙatar ƙarin matsi, kuma dogon gini ya fita daga kariyar bishiyoyi da maƙwabtansa, rana da iska suna dukansa ta ko'ina. Tagoginsa na sama ba a cika buɗe su ba, sai esi. Tun kafin a shiga ma ya riga ya ci nasa, domin ginin da zai jure wa iska a sama yana buƙatar ƙarin ƙarfe da kankare a kowace mita, siminti kuwa shi kaɗai yana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke sakewa.

Wannan a ƙasar da ba a ɗauke wuta ke nan. A Najeriya, cikin watan Afrilun 2024, hukumar kula da lantarki ta ɗaga kuɗin wutar masu rukunin Band A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kan kowane kilowat a awa, jami'o'i da dama kuma suna cikin wannan rukuni, kukan da suka yi kowa ya ji shi. Idan aka ɗauke wuta a gini mai hawa uku da tagogi biyu masu kallon juna, za a yi gumi amma za a yi lakca. Idan aka ɗauke ta a gini mai hawa 20 da bangon gilashi, aiki ya tsaya. Lifta ta tsaya, tankin sama ya ƙafe, kafin la'asar ba a iya wucewa ta ƙofar ban ɗaki. Sai janareta, sai dizal, sai kuɗin da ya kamata a sayi littattafai da kayan ɗakin gwaji ya tafi a hayaƙi.

Kar kuma a manta da gobara, Allah Ya kiyaye. Ginin NET na Legas mai hawa 32 ya kama da wuta a 1983, Cocoa House na Ibadan mai hawa 26 ya bi baya a 1985. Tsanin motar kashe gobara da aka fi samu bai wuce mita 30 da 'yan kai ba, kamar hawa tara ko goma. Abin da ya haura nan sai dai ginin ya ceci kansa da famfunan yayyafi da matakalar gaggawa. Mu kuwa mun san halinmu da ƙofar gaggawa: kwaɗo ake sa mata saboda ɓarayi, makullin yana aljihun wanda ya tafi gida.

Akan ce ai sai a sa sola. Gaskiya ne rana ba ta yi mana rowa ba, kuma an gwada an gani, domin a 2019 aka buɗe tashar wuta mai haɗa sola da batir da inji mai ƙarfin megawat 7.1 a Jami'ar Bayero. Amma farantin sola shimfiɗa yake so. Idan ka ɗauki ɗakunan da za su cika bene mai hawa 24 ka raba su gine-gine shida masu hawa huɗu-huɗu, rufinka ya ninka sau shida, buƙatarka ta wuta kuma ta ragu. Dogon bene shi ne ya fi kowa ci, shi ne kuma ya fi kowa ƙarancin wurin da zai noma abin da zai ci.

To, ko inuwarsa ma a samu mana? Nan ne karin maganar nan ta inuwar giginya, na nesa ka sha, ta zauna daram. Kano tana kan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, Sakkwato da Yamai sun ɗan fi haka kaɗan. Wajen ƙarshen Afrilu, lokacin da zafi ya kai maƙura, rana tana tsayawa daidai kan mutum da tsakar rana, sandar da aka kafa a tsaye ba ta da inuwa. Dogon gini ma haka, inuwarsa ta tattare a gindinsa. Da safe da yamma kuma ta miƙe ta tafi can nesa, ta faɗa kan titi ko filin ajiye motoci, tana gudu ba ta zama wuri ɗaya. A ƙasashen da ke can arewa rana a karkace take zuwa, gini yana jefa inuwa gefe ko da tsakar rana. A wurinmu abin da ke kare mai tafiya a lokacin da ya fi buƙata shi ne abin da ke bisa kansa: ganye, rumfa, ko baranda.

Wannan tafiyar rana ita ce kuma ke faɗa wa mai hankali yadda zai juya gininsa. Bangon arewa da na kudu rana daga sama take zuwar musu, 'yar inuwar da aka fitar bisa taga ta isa ta tare ta. Bangon gabas da na yamma kuwa ido da ido suke da ita, na yamma ya fi shan wuya don a lokacin iska ta riga ta yi zafi. Shi ya sa ake miƙar da gini daga gabas zuwa yamma, tagogi su kalli arewa da kudu, a bar wa gabas da yamma gajeren bango, a sa matakala ko ɗakin ajiya a nan. Wannan ba ya ƙara ko sisi a kuɗin gini. Amma sau da yawa titi ake sa gini ya kalla, don masu wucewa su ga fuskarsa, ko da titin yana yamma.

Gilashi kuwa, in ban da kwaikwayo, ban ga abin da ya haɗa mu da shi ba a matsayin bango. Yana barin haske ya shiga, ya riƙe zafin a ciki, sannan mazauna ɗakin su saki labule su kunna fitila da rana tsaka. Hunturu ɗaya ya isa ya mayar da shi ruwan ƙasa, wankinsa a hawa 15 kuma aikin ƙwararru ne da igiya. Ko a Landan da ba ta da rana, a 2013 wani dogon bene mai lanƙwasasshen gilashi a titin Fenchurch ya tattara hasken rana ya narka sassan wata mota da aka ajiye a ƙasa. Ka yi tunanin irinsa a Maiduguri.

Abin takaici, an taɓa sanin duk wannan a ƙasar nan. Maxwell Fry da matarsa Jane Drew, 'yan Ingila da suka zana gine-ginen farko na Jami'ar Ibadan wadda aka kafa a 1948, sun yi gine-ginen sirara don iska ta shiga ta wannan gefe ta fita ta wancan, suka rufe fuskar ɗakin karatu da bangon kankare mai huda-huda da ke tace rana ya bar iska. A Ile-Ife, Arieh Sharon, wanda ya yi karatu a makarantar Bauhaus ta Jamus, ya zana gine-ginen tsangayar adabi ta yadda kowane hawa ya fi na ƙasansa faɗi, na sama ya zama laimar na ƙasa daga rana da ruwan sama. Ba dogaye ba ne, kuma har yau masu koyon zanen gini suna zuwa kallonsu.

Sai dai ba a ɗauko Ibadan a dasa a Katsina. Can laima ce matsalar, maganinta iska ta yi ta wucewa. Nan kuwa iskar tsakar ranar bazara kanta wuta ce, ta hunturu kuma ƙura, don haka magina na da suka yi akasin haka: bango mai kauri na tubali, tagogi ƙanana can sama, rufin soro mai nauyi. Bangon ya sha zafin rana a hankali, kafin ya kai ciki dare ya yi. Wannan dabara ta nauyin bango ita ce Mick Pearce ya ɗauka ya yi ginin Eastgate a Harare, wanda aka buɗe a 1996, yana cewa daga surin gara ya koya. Gine-gine biyu ne a jere da rufaffen fili a tsakani, hawa bakwai na ofisoshi bisa shaguna. Da dare fankoki su zuƙo iska mai sanyi su tura ta cikin ramukan da aka bari a daɓen kankare, kankaren ya riƙe sanyin, da rana ya riƙa sakinsa, iskar da ta yi ɗumi kuma ta fice ta bututun bulo 48 da ke kan rufi. An yi shi ba tare da babbar na'urar sanyaya gini ba. Daga baya masu nazarin gara suka ce suri ba daidai haka yake aiki ba, ya fi kama da abin numfashi, amma ginin bai fasa yin sanyi ba don an gyara wa mai shi karatu.

Nan ma da sharaɗi. Harare tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,500, darenta yana da sanyi kusan duk shekara. A Sakkwato daga Nuwamba zuwa Fabrairu wannan dabara za ta yi aiki har ta yi yawa. A Afrilu da Mayu, lokacin da mutane ke kwana a tsakar gida suna fifita, babu sanyin daren da za a tara. A waɗannan watanni sai an taimaka da fanka, wasu ɗakunan kamar na gwaji da na kwamfuta kuma dole sai esi. Gara a faɗi haka da a yi alkawarin da zafi zai ƙaryata. Riba ita ce esi ɗin zai yi aikin wata biyu ko uku a wasu ɗakuna, maimakon wata goma sha biyu a gini duka.

Wanda ya fi burge ni a tarihin hawa sama cikin zafi shi ne garin Shibam na Hadramaut a Yemen. Gidaje kusan 500 ne na bulon ƙasa, masu hawa biyar zuwa goma sha ɗaya, wasu sun haura mita 30, yawancinsu tun ƙarni na 16. Bangon yana da kauri a ƙasa, yana sirancewa yayin da yake hawa. Sun hau sama ne don tsaro, kuma don tudun da ambaliya ba ta kaiwa ƙarami ne, ga gonaki a kewaye da ba a so a ci. Tsayin ba shi ne sirrin ba, matsuwar ce: gidajen sun tsaya kafaɗa da kafaɗa, lungunan ƙanana, kowane gida yana kare maƙwabcinsa, rana ba ta samun ƙasa sai na ɗan lokaci. Da kamfanin Norman Foster ya zo zana harabar Cibiyar Masdar a Abu Dhabi, wadda aka buɗe sashenta na farko a 2010, da duk kuɗin man fetur da ke bayansa, abin da ya koma gare shi ke nan: gine-gine masu matsakaicin tsayi, tituna matsattsu, baranda a ƙasa, da hasumiyar iska mai mita 45 da ke jefo iska cikin dandali. Ƙananan motoci marasa direba da aka yi ta tallatawa ba su wuce gwaji ba, lungunan kuwa suna nan suna aiki.

Ni dai a ganina harabar da ta dace da mu ita ce ta gine-gine masu hawa huɗu zuwa biyar, a miƙe gabas da yamma, kusa da juna, da tsakar gida mai bishiyoyi tsakaninsu, a haɗa su da rumfar tafiya ta yadda mutum zai fito daga ɗakin kwana ya kai ɗakin karatu rana ba ta taɓa shi ba, ruwan damina ma haka. Manyan ɗakunan lakca su zauna a ƙasa, ƙananan azuzuwa a hawa na biyu da na uku, ofisoshi a sama. A sa lifta ɗaya saboda masu keken guragu da marasa lafiya, a ba ta nata sola da batir, kar a ɗora rayuwar ginin duka a kanta. Jami'ar da take tsakiyar gari babu inda za ta motsa, in ta ga dole sai ta hau, ta hau da ofisoshi, ta bar ɗalibai kusa da ƙasa. Ba na faɗa da hasumiya ɗaya da za a hango daga nesa a ce ga jami'armu can. Mutane suna son abin alfahari, kuma ba laifi ba ne. A dai san cewa ado aka saya, a kuma san abin da zai riƙa ci duk wata.

Me ya sa ba a yin haka alhali malaman da ke koyar da shi suna cikin jami'ar? Babban dalili yadda kuɗi ke zuwa ne. Gine-gine ɗaya-ɗaya suke zuwa, wannan na TETFund, wancan gudummawar banki, na can na wani attajiri ko ɗan majalisa. Kowane mai bayarwa yana son nasa ya tsaya shi kaɗai a sarari, da fili a gaba inda za a kafa rumfar buɗewa a yanka ƙyalle, da bango inda za a manna suna. Kowane shugaba kuma shekara biyar gare shi, yana son abin da za a nuna a ce a zamaninsa aka yi. Rumfar tafiya mai tsawon mita 300 ba ta da fuskar da za a ɗauki hoto, ba wanda ke son sunansa a kanta, ko da yake za ta amfani mutane fiye da ɗakin taron da ake buɗewa sau huɗu a shekara. Majalisar gudanarwar jami'a tana da ikon cewa duk wanda zai gina mana, ga inda zai gina, ga inda zai kalla, kuma rumfar da za ta haɗa shi da na kusa da shi tana cikin kwangila. Wasu masu bayarwa za su yi tsaki, yawancinsu za su yarda in an faɗa musu tun farko.

Haka nan masu ƙananan sana'o'i. Duk bayan 'yan shekaru sai a wayi gari an ce sun ɓata fuskar makaranta, a kwashe su a kai wata kasuwa da aka gina can ƙarshen katanga inda ƙafa ba ta zuwa. Wata uku sun fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, da kula da faranti. Da an ware musu shaguna a ƙasan gine-ginen da ke kan hanyar jama'a, da ruwa da wurin zuba shara, da jami'a ta samu haya, da kuma hanyar ta kasance da fitila da idon mutane har dare, wanda ya fi mai gadi ɗaya da tocila amfani ga ɗalibar da ta fito daga karatu ƙarfe goma.

Bishiya kuwa kowa yana sonta a baki. Ana bikin dashe duk damina, babban baƙo ya riƙe shebur, a watse. Matsalar ba dashen ba ce, ranin farko da na biyu da na uku ne, kafin saiwa ta kai ruwa. Darbejiya da maɗaci da tsamiya duk suna jure fari in sun kama, amma kafin su kama sai an shayar da su an kuma kare su daga awaki, kuma babu layi a kasafin kuɗi mai wannan suna. Ruwan kuwa yana nan ana zubar da shi. Masallacin jami'a mai ɗaukar dubban mutane yana fitar da ruwan alwala sau biyar a rana, mai tsabta, babu sabulu, yawanci ya bi kwata ya zama taɓo da gidan sauro a bayan katanga. Bututu kaɗan da ramin tsakuwa sun isa su kai shi gindin bishiyoyin da aka jera a kan hanyar da ta tashi daga masallacin zuwa azuzuwa, wadda dama ita ce aka fi bi da azahar. Ɗaliban aikin injiniya na aji uku za su iya auna gangaren su zana shi a zangon karatu ɗaya, a kuma ba su maki a kai.